Tarihin Sun Kifin Tayilfish a Gaɓar Amurka

Dangin kifayen teku da masana ke kira Malacanthidae sun haɗa da ƙanana masu launi da ke zaune kusa da duwatsun murjani a tekuna masu ɗumi, da kuma manya masu haƙa ramuka a ƙasan ruwa mai zurfi. Babbansu, wanda ake kira tayilfish, bai shiga littattafan kimiyya ba sai a shekarar 1879, lokacin da masunta suka kama shi kudu da tsibirin Nantucket, masana Goode da Bean kuma suka raɗa masa suna Lopholatilus chamaeleonticeps.

A 1882 jiragen ruwa suka tarar da matattun kifayen sun lulluɓe teku, aka ƙiyasta yawansu ya haura biliyan ɗaya, kuma masana sun danganta annobar da kwararowar ruwan sanyi cikin mazauninsu, domin kifin ba ya jure sanyi. An zaci ya ƙare, har sai da aka sake kama shi a 1892. Daga 1915, bayan hukumar kula da kamun kifi ta Amurka ta tallata namansa, kamunsa ya zama sana'ar da masunta ke ci da ita har yau.