Yadda Mujallar Santi 10 Ta Kai Dala Miliyan 6

A shekarar 1938 aka fitar da bugu na farko na mujallar labaran zane mai suna Action Comics a Amurka, inda Superman ya fara bayyana. Santi 10 ake sayar da ita, kuma an buga kwafe kusan 200,000 a takarda mai arha irin ta jarida. Samarin da suka ƙirƙiro jarumin, Jerry Siegel da Joe Shuster, dala 130 kacal aka ba su suka sallama haƙƙinsu. A Afrilun 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya na wannan mujalla a kan dala miliyan 6. A ganina, wulaƙancin da aka yi wa irin waɗannan mujallu tun farko shi ne tushen tsadarsu.

Yara ne masu sayenta. Yaro ya karanta, ya naɗe ta ya cusa a aljihu, ya ara wa abokai har bangon ya yage. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka shiga tattara tsofaffin takardu domin a sake sarrafa su, mujallu suka bi. Bayan yaƙi kuma aka zarge su da ɓata tarbiyya, har wasu makarantu suka tara su suka cinna musu wuta, sannan a 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya fitar da littafin da ya ƙara rura zargin. An kiyasta cewa kwafe wajen 100 ne suka rage daga wancan bugu na 1938.

Yaran da aka zubar wa mujallu suka girma, suka yi kuɗi, suka koma neman abin da suka rasa. A 1970 wani mai suna Robert Overstreet ya fara buga littafin farashin irin waɗannan mujallu, ciniki ya sami ma'auni. A 1977 wani ɗan kasuwa, Chuck Rozanski, ya sayi tarin wani mutum mai suna Edgar Church a birnin Denver: dubban mujallu jere kan juna shekara da shekaru a wuri busasshe, takardarsu fara tas, launinsu bai koɗe ba. Wannan tari ya nuna wa masu saye tazarar da ke tsakanin kwafi mai lafiya da wanda ya sha hannu.

Wani zai ce ai shaharar jarumin da fina-finansa ce ke ɗaga farashi. Da gaskiyarsa, domin akwai mujallun 1938 da suka yi ƙaranci amma ba mai nemansu sosai. Sai dai shahara ita kaɗai ba ta isa ba. A 1991 kamfanin Marvel ya sayar da kwafe sama da miliyan 8 na sabon bugun mujallar X-Men na farko, mutane suka saya da yawa suka adana cikin leda suna jiran riba. Tunda kowa ya adana, yau 'yan daloli ake sayensa, kuma kasuwar ta rushe har Marvel ya bayyana karyewar jarinsa a 1996.

Tun shekarar 2000 kamfanin CGC ke duba mujalla, ya ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, ya rufe ta cikin roba mai tauri. Wanda ya fasa robar ya zubar da shaidar makin. Hakan ya rage algus ƙwarai, amma abin takaici ne a ce labarin da aka zana domin yara su karanta ya zama kadarar da mai ita ba ya iya buɗewa.