Tarihin Ɓeran Hamsta na Halab

Ɓeran hamsta mai ruwan zinariya ƙaramar dabba ce mai gajeriyar wutsiya da laushin gashi. Asalinsa gonakin alkama da sha'ir ne da ke kewaye da birnin Halab a arewacin Siriya, da gefen kudancin Turkiyya. A wannan yanki ruwan sama da sanyi tare suke zuwa, rani kuwa ga zafi ga bushewa. Don haka rayuwarsa ta ta'allaƙa ne a kan rami da tanadi.

Kowane ɓera shi kaɗai yake zama a raminsa, ba ya yarda da baƙo, ko da ɗan'uwansa ne, sai lokacin barbara. A cikin ramin akwai ɗakin kwana da ya shimfiɗe da busasshiyar ciyawa, akwai rumbun hatsi, akwai kuma lungun bahaya. Kamar gafiya, yana da jaka a kumatunsa biyu, tana kaiwa har kafaɗu. A ciki yake cusa ƙwayoyin hatsi har kansa ya yi suntum, sannan ya koma rami ya zazzage su da ƙafafun gaba. Idan sanyi ya tsananta yakan toshe bakin ramin ya shiga dogon barci. Macen tana ɗaukar ciki na kwana 16 kacal, ta haifi 'ya'ya tsirara, idanunsu a rufe.

Masanin dabbobi na Ingila George Waterhouse ne ya raɗa masa sunan kimiyya a 1839. Daga nan aka daɗe ba a ƙara jin ɗuriyarsa sosai ba. Wata bukata ta likitanci ce ta sake tono shi. Saul Adler na Jami'ar Ibraniyawa da ke Ƙudus yana binciken cutar kala'azar da hamstar Sin, amma ta ƙi hayayyafa a keji. A 1930 abokin aikinsa Israel Aharoni ya tafi wajen Halab neman wata hamstar, inda manoma suka haƙa wata gonar alkama suka ciro uwa da 'ya'yanta. Uwar ba ta rayu ba, wasu daga cikin 'ya'yan kuma suka tsere. 'Yan ƙalilan da suka rage ne suka hayayyafa.

A 1931 aka kai wasu Ingila, a 1938 suka isa Amurka. Daga ɗakunan gwaji suka shiga gidaje a matsayin dabbar sha'awa, har kiwonsu ya zama sana'a. Kusan duk hamsta mai ruwan zinariya da ke keji a yau jikokin wannan uwa guda ne.

A ƙasarsa ta asali kuwa labarin ya sha bamban. Masanan da suka je Siriya daga Jamus a 1997 da 1999 sun tarar yana nan a gonaki, sai dai manoma na ɗaukarsa maɓarnaci, suna sa masa guba. Garmar tarakta da bunƙasar garuruwa su ma suna rusa ramukansa, shi ya sa aka sanya shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa a daji.