Kuɗin Bincike da Rayukan Alhazai: Abin da Tarihin Cibiyar Binciken Aikin Hajji ta Makka Yake Nunawa

A watan Yunin 2022 gwamnatin Saudiyya ta bayyana fannoni huɗu da za ta fifita wajen zuba kuɗin bincike da ƙirƙira: lafiyar ɗan Adam, muhalli da buƙatun yau da kullum, makamashi da masana'antu, da tattalin arzikin gobe. Ta kuma ɗora wa kanta burin kashe kashi 2.5 cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara kan bincike kafin 2040. Wannan maƙala ba za ta auna burin ba. Za ta waiwayi fanni guda da ya daɗe yana cin kuɗin gwamnati a Makka, wato binciken aikin Hajji, domin a ga wane irin ilimi aka saya, da yaushe aka saye shi.

Tun kafin kafuwar Saudiyya, annoba ce ta fara jawo hankalin hukumomi. Kwalarar da ta ɓarke a Hajjin 1865 ta hallaka dubban alhazai, ta bi jiragen ruwa zuwa Masar da Turai. Ita ta haifar da taron kiwon lafiya na ƙasa da ƙasa a Istanbul a 1866, daga baya aka buɗe sansanin killace alhazai a tsibirin Kamaran. Sai dai kuɗin da aka kashe a wancan zamani na tsare ƙofar Turai ne. Lafiyar alhajin kansa ba ita ce a gaba ba.

An buɗe sabon babi a 1975, lokacin da Sami Angawi, masanin zanen gine-gine kuma haifaffen Makka, ya kafa Cibiyar Binciken Aikin Hajji a ƙarƙashin Jami'ar Sarki Abdul'aziz. Lokaci ne na bunƙasar kuɗin man fetur, jiragen sama kuma suna ta ninka yawan mahajjata, ciki har da na Nijeriya. Ma'aikatan cibiyar, da suka haɗa da marubuci Ziauddin Sardar, sun ɗauki hotuna daga sama, sun ƙirga motoci da mutane, sun auna yadda jama'a ke kwarara tsakanin Mina da Arfa da Muzdalifa. Ra'ayinsu shi ne a rage motoci, a sauƙaƙa tafiyar ƙafa, a kuma kiyaye tsohon birnin. Daga baya cibiyar ta koma Jami'ar Ummul Ƙura, aka ɗaga darajarta zuwa Cibiyar Khadimul Haramaini. Amma akasarin kuɗin ƙasa ya tafi ne ga siminti: hanyoyi, gadoji, ramukan ƙarƙashin duwatsu da manyan benaye. Angawi kansa ya zama fitaccen mai sukar rushe wuraren tarihi na Makka. An biya kuɗin binciken, amma ba a ɗaure masu gini da sakamakonsa ba. A ganina wannan giɓi ya fi ƙarancin kuɗi illa.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A Yulin 1990 mutum 1,426 suka rasu a turmutsutsun ramin Mu'aisim. A 1997 gobara ta cinye tantunan Mina, ta kashe fiye da mutum 300, sannan aka kafa tantuna marasa kama wuta. A 2004 mutum 251 suka rasu a wajen jifa, a Janairun 2006 kuma fiye da 340. Bayan wannan ne aka rushe tsohuwar gadar Jamrat aka gina mai hawa-hawa, aka kuma bai wa masana irin su Dirk Helbing faifan bidiyon cunkoson. Nazarin da suka buga a 2007 ya nuna cewa taro ba ya faɗawa cikin halaka kwatsam: tafiya kan fara tsayawa tana tashi, sannan idan matsi ya tsananta jama'a su riƙa tangaɗi kamar igiyar ruwa, ba wanda ke iko da ƙafarsa. Ke nan akwai alamun da za a iya gani mintuna kafin mutuwa ta fara. Ilimi ne mai araha idan aka gwada shi da kuɗin gada, amma sai da aka binne ɗaruruwa kafin a neme shi.

Ko shi ma bai wadatar ba. A ranar 24 ga Satumba, 2015, cunkoson ya auku ne a titunan Mina, kafin a kai gadar da aka gyara. Hukuma ta ce mutum 769 suka rasu. Ƙididdigar da kamfanonin dillancin labarai suka tattara daga ƙasashe ta haura 2,000. Cikin mamatan akwai Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin, Allah Ya jiƙan su. Ba a fitar da cikakken rahoton binciken ga jama'a ba, masana kuwa ba sa iya koyo daga bayanan da ba su gani ba.

Fannin cututtuka ya fi nuna riba. Sanƙarau ya ɓarke a Hajjin 1987, aka wajabta rigakafi. Da wani nau'i na daban ya bayyana a 2000 da 2001, sa ido a ɗakunan gwaji ya gano shi, aka sauya zuwa allurar da ke kare nau'i huɗu. Nau'in ya addabi Burkina Faso a 2002, abin da ke tuna mana cewa lafiyar Mina da ta yankin Sahel a haɗe suke.

Zafin rana ne ya fi bayyana raunin tsarin kasafi. Saboda shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, Hajji kan kewaya yanayoyi cikin kimanin shekara 33. Sa'ad da ya faɗo a tsananin zafi a wajajen 1980, Mustafa Khogali da J. S. Weiner sun ƙera gadon sanyaya jiki da feshin ruwa da iska, wanda aka yi amfani da shi a Makka. Da Hajji ya koma lokacin sanyi, hankali ya karkata ga cunkoso. A 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, hukuma ta tabbatar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin ɗari marasa izinin Hajji, waɗanda ba su da tanti mai sanyi ko motar hukuma. Matsalar nan ba ta injiniya kaɗai ba ce. Ta shafi tsadar kujera, da dillalan bogi, da dalilin da ke sa tsoho ya sayar da gonarsa ya bi ɓarauniyar hanya. Irin waɗannan tambayoyi na masana zamantakewa da tarihi ne, su ne kuwa ake fara yankewa idan kasafi ya matse.

Ƙasashen da ke tura alhazai ma suna da rabonsu. Nijeriya tana da Hukumar Alhazai ta Ƙasa tun 2006, da asusun TETFund mai tallafa wa bincike a jami'o'i. Ƙaramin kaso daga gare su zai isa a riƙa tattara bayanan shekaru, cututtuka da musabbabin mutuwar alhazanmu kowace shekara, a buɗe su ga masu nazari a Kano, Zariya, Sakkwato da Yamai. Akwai ma wa'adi a gabanmu: nazarin da Elfatih Eltahir da abokan aikinsa suka buga a 2019 ya yi hasashen zafi mai matuƙar haɗari a Hajjin shekarun 2047 zuwa 2052. Yaran da za su yi wa iyayensu rakiya a waɗannan shekaru suna makarantar firamare yanzu.