Ɗan Aji Shida a Ƙasa Biyu

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, sarautar Gobir ta sake kafuwa a Tsibiri, daga baya wani reshenta ya gina Sabon Birni. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1906 ta ratsa tsakaninsu da iyaka, kowane mai mulki ya dasa makarantarsa: boko a kudu, lakwal a arewa.

A ganina, nauyin wannan rabuwa bai fito fili sosai ba sai daga 2019, lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutanen Sabon Birni da Isa zuwa jihar Maraɗi, musamman yankin Gidan Rumji. Yaran da suka sami gurbi a makarantun can da Faransanci suka yi karatu. Da wasu iyalai suka komo gida, sai matashi ya tarar takardunsa ba su da mai karanta su. A Nijar, azuzuwan sakandare daga shida suke saukowa, saboda haka ɗan aji shida sabon shiga ne. A nan kuwa shi ne mai jiran jarrabawar WAEC. Maki goma sha huɗu bisa ashirin abin yabo ne a can, amma idon da ya saba da ɗari faɗuwa zai gani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, malami da ɗalibi duka Gobirawa ne, Hausa ɗaya suka tsotsa. Amma da Ingilishi ake auna yaron, sai a mayar da ɗan shekara goma sha biyar benci ɗaya da ƙannensa.