Baƙar Ƙasar Amazon: Shaidar Aikin Mutanen Da

Baƙar ƙasar Amazon, wadda ake kira terra preta da harshen Fotugis, wata irin ƙasa ce mai albarka da ake samu tsibi-tsibi a kurmin Amazon, musamman a Brazil, galibi a kan tudun da ke bakin koguna. Yawancin ƙasar kurmin ja ce ko rawaya, marar ƙarfi, domin ruwan sama mai yawa yana wanke abincin shuka daga cikinta. Ita kuwa baƙar, zurfinta kan kai mita biyu a wasu wurare, kuma manoma suna nomanta shekara da shekaru ba ta gaji ba.

Tun a shekarun 1870 Charles Hartt da Herbert Smith suka bayyana ta a kusa da Santarém. Amma ra'ayin da ya daɗe yana rinjaye, wanda Betty Meggers ta ƙarfafa a littafinta na 1971, shi ne ƙasar kurmin ba za ta iya ciyar da manyan garuruwa ba. Shi ya sa aka riƙa ɗaukar rahoton Gaspar de Carvajal, wanda ya bi kogin tare da Orellana a 1542 ya ce ya ga garuruwa cike da jama'a, a matsayin ƙari.

Haƙa ce ta sauya lissafin. A Hatahara, kusa da Manaus, tawagar Eduardo Neves ta tarar da ƙasar cike da tsingaro, da gawayi, da toka, da ƙasusuwan kifi, har da kaburbura. Gwajin kabon ya nuna yawancin irin waɗannan wurare sun samu ne tsakanin shekara 2,500 zuwa 500 da suka wuce. Gawayin ne sirrin: ba ya saurin ruɓewa, yana kuma riƙe sinadarai, ƙasusuwa kuwa suna ba da fosfaras da kalsiyam. Manomin da ya san yadda kufai ke yin hatsi ba zai yi mamaki ba.

Inda aka fi muhawara shi ne niyya: juji ne kawai ya taru, ko da gangan aka yi? Binciken da aka buga a 2023 kan al'ummar Kuikuro ta kogin Xingu ya nuna har yau suna watsa toka da gawayi da ɓawon rogo domin gyara wurin shuka, kuma ƙasar tsofaffin garuruwansu ta yi daidai da ta yanzu. An kuma samu makamanciyarta a gefen ƙauyukan Laberiya da Ghana.