Wace shuka ce ke jawo barewa garka?

Barewar hamada, wadda ake gani jefi-jefi a filin Imuraren, kudu da Arlit, tana iya yin watanni ba ta sha ruwa ba. Daga ganye take samun ruwanta. Shi ya sa muke cewa ba rijiyarku ta kawo ta ba, koren ne.

A daji abincinta ganye da 'ya'yan ƙandili, da 'ya'yan aduwa idan sun faɗo. Damina tana da wadata, ba ruwanta da garka. Amma daga lokacin sanyi, da ciyawa ta bushe, garakan Abzin irin na Timiya da Iferwan kan zama su ne kore shar. Alkama tun tana ƙarama, masara sabon tsiro, ganyen wake da ciyawar luzan ta dabbobi, su suka fi jan ta. Albasa kam ba ta cika damunta ba. A ganinmu, albasa ta kamata a bakin darni, alkama can ciki.

Yaya za ku gane ita ce, ba akuya ba? Sawunta siriri ne mai tsini, kashinta ƙanana, sau da yawa a tare wuri guda. Da dare ko da asuba take shigowa.

To, kada a ɗana tarko. Dokar farauta ta 1998 ta hana farauta ba lasisi, kuma a gandun dajin Abzin da Tenere, da aka kafa a 1988, an haramta ta. In ɓarna ta yi yawa, ku ɗaga darnin ƙaya, ku sanar da jami'an gandun daji.