Shinkafar Tuwo da Darasin Mutanen Japan

Tun kafin jiragen Turawan Fotugal su kawo irin shinkafar Asiya gaɓar tekunmu, Afirka ta Yamma tana da tata. Masana sun nuna cewa kimanin shekara 3,000 da suka wuce aka fara noman jar shinkafar Afirka a fadamun Kogin Kwara da ke ƙasar Mali ta yau. Nufawan Bida da Katcha sun daɗe da shahara a wannan noma, shi ya sa aka kafa tashar binciken shinkafa a Badeggi cikin 1953, wadda yau take hedikwatar cibiyar binciken hatsi ta ƙasa.

Iyayenmu mata sun san abin da suke nema a shinkafa: mai laushi da danƙo, wadda ba a turara ba. A tsince ta, a rege, a dafa ta luguf, a tuƙa da muciya, a kwashe malmala-malmala, a ci da miyar taushe ko ta wake da kifi.

Abin sha'awa, mutanen Japan ma irin wannan danƙo suke so. Tasu gajeriya ce. Sukan wanke ta, su jiƙa, su dafa babu gishiri babu mai, ta yadda za ta ɗauku da 'yan sanduna biyu. In za a yi sushi, sai a gauraya ta da ruwan tsami da sukari da gishiri. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, da shinkafa ake auna arzikin hakimansu, da wani ma'auni mai suna koku, mai cin kimanin lita 180. Da damina ta ƙi kyau a 1993, aka shigo musu da doguwar shinkafar Tailan, amma da yawansu suka ƙi ta.

Mu kuwa, da kuɗin fetur suka samu a shekarun 1970, sai muka rungumi 'yar waje, muka raina 'yar gida saboda tsakuwa. Gwamnati ta haramta shigo da shinkafa a 1985, ta ɗage a 1995, ta rufe iyakoki a 2019, ta buɗe a 2020. Doka tana iya tare mota a kan iyaka, amma ba ta gyara sussuka da shanya, waɗanda ta nan ne tsakuwa ke shiga.

A duk tsawon wannan kai-komo, tukunyar tuwo ce ta riƙe wa manomin fadama kasuwarsa, domin 'yar waje turararriya ce, ba ta tuƙuwa. Har gobe mai neman shinkafar tuwo a Kasuwar Kure ta Minna 'yar gida zai tambaya. Saura mu tsabtace ta har ta shiga tukunyar dafa-duka da ta biki, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi.